Kafin ka ce a yi fomatin

Ƙannena masu koyon gyaran kwamfuta, akwai wata matsala ta tsofaffin kwamfutoci da nake so mu ɗan zauna a kanta, domin ta sha jawo wa mutane asarar takardunsu ba gaira ba dalili, kuma sau da yawa a hannun mai gyara asarar take aukuwa.

Alamunta sanannu ne ga duk wanda ya ɗan daɗe a shago. Mai kwamfuta zai zo ya ce ta yi nauyi. In an kunna ta sai an gaji da jira kafin ta gama tashi. In ana kwafar fayil, kibiyar maus sai ta riƙa tsalle tana maƙalewa. In an sa karatu ko waƙa, muryar sai ta dinga kakkatsewa tana ƙara. Ƙaramar fitilar nan ta gaban akwati, wadda ya kamata ta riƙa ƙiftawa, sai ta kama ta tsaya cak. Kafin mai ita ya rufe baki, yaron shago ya riga ya yanke hukunci: "Oga, bairos ce, fomatin za a yi mata." Wannan saurin bakin nake so ku daina.

Kada ku ce ai waɗannan injuna zamaninsu ya wuce. Microsoft ta daina kula da Windows XP tun watan Afrilun 2014, amma ku leƙa wuraren ɗab'i, da shagunan da ake surfani da inji, da wasu ɗakunan gwaje-gwaje, za ku tarar da kwamfuta mai shekara ashirin tana tuƙa injin da ya fi ta kuɗi nesa ba kusa ba. Manhajar injin ba ta aiki sai a XP ko Windows 98, katin da ke haɗa su kuma ba shi da wurin zama a sabuwar kwamfuta. Mai irin wannan inji ba ya neman wanda zai ce masa ya sayi sabuwa. Wanda ya san cikin tsohuwar yake nema, kuma masu wannan sani kullum raguwa suke yi.

Hanya biyu ce bayanai suke bi daga faifan ajiya, wato had dis, zuwa ram. Ta farko sunanta PIO. A nan furosesa ce da kanta take karɓar bayanan daga faifai, bait biyu-biyu, tana ajiyewa a ram. Ta biyu ita ce DMA, inda furosesa take ba da umarni kawai, kwantirola ta kwashe bayanan kai tsaye zuwa ram, in ta gama ta sanar. Ku ɗauki mai shago a kasuwar Singa da mota ta kawo masa kaya. In ya sa 'yan dako, shi yana kan ciniki suna saukewa, in sun gama su zo su ce masa an gama. In kuwa shi zai riƙa ɗauko kowane kwali da kansa, kayan za su shiga sito, amma masu saye sai su yi ta tsayuwa. Maus da sauti su ne masu sayen da aka bari a tsaye. Shi ya sa matsalar ba ta tsaya ga jinkirin kwafa ba, komai na kwamfutar ne yake sarƙewa.

A takarda, PIO mafi sauri yana kai megabait 16.7 a daƙiƙa, amma a aikace da wuya ya kusanci haka, ga shi kuma ya cinye ƙarfin furosesa. Da Intel ta fito da kwantirolar PIIX a 1995, DMA ya zama ruwan dare a kwamfutocin gida. Bayan nan Ultra DMA ya zo da megabait 33, sai 66, sai 100, har 133. Saurin ba shi ne abin da na fi so ku riƙe game da Ultra DMA ba. Shi ne ya fara sa wa kowane kason bayanai lissafin tantancewa da ake kira CRC. Mai aikawa ya lissafa, mai karɓa ya lissafa, in lissafin bai zo ɗaya ba an san wani abu ya lalace a hanya, sai a sake aikawa. PIO ba shi da wannan, tsohon DMA na kafin Ultra ma haka.

To, ga inda labarin yake. Windows XP tana ƙirga waɗannan kurakurai. In kuskuren CRC ko jiran amsar da ba ta zo ba ya taru ya kai shida, sai ta rage sauri da mataki ɗaya. In aka ci gaba, ta sake ragewa, har ta sauko PIO, kuma in ta sauko ba ta komawa da kanta. A ƙa'idarta ta asali jimilla take ƙirgawa, ko da kurakuran sun warwatsu a cikin watanni. Saboda haka idan ka buɗe Device Manager, ka shiga Primary IDE Channel, ka tarar an zaɓi "DMA if available" amma a ƙasa an rubuta "PIO Mode", kada ka ɗauka Windows ce ta rikice. Ta ga kuskure ne sau da yawa, ta ja baya don ta tsare bayanai. Aikinka shi ne ka gano me ta gani.

Wannan ne ya sa fomatin yake ruɗin mutane. In ka goge komai ka sake ɗora Windows, ƙirgen nan ya koma sifili, DMA ya dawo, kwamfuta ta yi sauri, mai ita ya biya ya tafi yana sa maka albarka. Bayan 'yan makonni kurakurai su sake taruwa, ya dawo da ita yadda ya kawo ta da farko. In laifin na kebul ɗin faifan ne, ka ɓata masa lokaci da kuɗi. In kuwa faifan ne yake mutuwa, ka sa shi ya yi aiki mafi nauyi a rayuwarsa a lokacin da ya fi rauni, kuma ka cinye ɗan sauran damar da ake da ita ta ceto abin da ke ciki.

Don haka abu na farko, tun kafin ka taɓa sukurudireba, ka tambayi mai ita: "Alhaji, me ke ciki wanda in ya ɓace ba a samun wani?" Yawanci zai ce babu komai, sai ka ƙara tambaya ya tuna da zane-zanen surfani na shekara da shekaru, ko lissafin bashin abokan ciniki, ko manhajar injin da faifan ɗora ta ya ɓace tuntuni. Ka kwashe su zuwa wani wuri a yadda kwamfutar take, da jinkirinta. Jinkirin nan bai hana kwafa ba, haƙuri kawai yake so. In faifan yana ƙara ƙas-ƙas ko kwafar tana tsayawa a wuri ɗaya, kada ka yi ta maimaitawa. Ka tashi kwamfutar da Linux, ka yi amfani da ddrescue, wadda take fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta bar masu wuya sai daga baya, tana kuma rubuta inda ta tsaya ko da wuta ta ɗauke. Abin da ke cikin faifan nan amana ce a hannunka tun daga lokacin da aka ajiye kwamfutar a teburinka.

Sai ka karanta shaida. Kwamfuta tana rubuta abin da ya same ta, masu gyara ne ba sa dubawa. A Event Viewer, lamba 7 tana nufin an ci karo da gurbin da ya lalace a jikin faifai, lamba 9 na'ura ba ta amsa a kan lokaci ba, lamba 11 kuma an ga kuskure a wajen kwantirola. A Linux ma haka, saƙon da ya ƙunshi BadCRC daban yake da wanda ya ƙunshi UncorrectableError: na farko hanya yake zargi, na biyu faifai. Shi kansa faifan yana da littafin lafiyarsa da ake kira SMART. Lambobi uku za ka duba. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye su da wasu. Lamba 197 gurabun da ake shakka a kansu. Lamba 199 kuwa kurakuran CRC ne na kan hanya. In 199 ce take hawa, 5 da 197 suna sifili, ka yi murna, faifan lafiyarsa ƙalau, tsakaninsa da madabod ne ake samun matsala. In 5 da 197 ne suke hawa, babu kebul ɗin da zai warkar da shi.

Yanzu mu zo kan kebul, domin a nan mafi yawan laifin yake, kuma shi ne abin da aka fi rainawa.

Faffaɗan kebul ɗin nan na IDE iri biyu ne, kuma kansu ɗaya ne, rami 40 kowanne, shi ya sa ake musanya su ba a sani ba. Tsohon yana da waya 40. Sabon yana da 80. Ka ɗauki biyun ka shafa da babban yatsa: mai 40 za ka ji tudun kowace waya, mai 80 kuwa wayoyinsa sirara ne, ya fi santsi, ya fi tauri wajen lanƙwasawa. Ƙarin waya 40 ɗin ba sa ɗaukar bayani ko ɗaya. Dukansu na as ne, an jera su tsakanin masu ɗaukar bayani don kada siginar wannan waya ta tsallaka cikin maƙwabciyarta. Har zuwa megabait 33 tsohon kebul yana iyawa. Daga 66 zuwa sama dole sai mai 80, kuma madabod tana gane wanda aka sa mata ta fil na 34. In ka ga faifan da ya iya 100 yana tafiya a "Ultra DMA Mode 2", kafin ka zargi kowa ka duba kebul.

Mai waya 80 kuma yana da gaba da baya. Shuɗin kai na madabod ne, baƙi na faifan farko, wato masta, ruwan toka na tsakiya na na biyu, wato silef. In ka juya shi, ka sa shuɗin a faifai, sau da yawa komai zai tashi, amma gane kebul ɗin zai rikice, sauri ya faɗi. In faifai ɗaya ne tak, a ƙarshen kebul ake sa shi. Wanda ya sa shi a tsakiya ya bar jela tana reto, sigina za ta tafi ƙarshen jelar ta dawo ta dagula wadda ke tahowa. Tsawon da ƙa'ida ta yarda da shi inci 18 ne, kusan santimita 46. Akwai masu tsawon da ya wuce haka a kasuwa, an yi su don manyan akwatuna, kuma su ne na farko da nake cirewa in na ga 199 tana hawa.

Sannan ku tuna shekarun kebul ɗin nan. An naɗe shi, an matse shi a bayan faifai, an finciko shi ta waya maimakon ta kai, zafi ya busar da robarsa. Ka ɗaga shi ga haske ka bi layin lanƙwasa, wani lokaci za ka ga inda ya yi fari ya tsage. Ka duba fil ɗin bayan faifai ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda ya lanƙwashe ko ya nutse ciki. Gurbi ɗaya da ma babu fil a cikinsa, na 20, don kada a sa kebul a juye. Wannan ba karyewa ya yi ba. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina, in damina ta zo ta sha danshi ta zama datti mai kama fil. Buroshi mai laushi da iska sun isa. Sau da yawa cire kebul da mayar da shi da kyau kaɗai yana kashe matsalar, amma in kana da sabo, sa sabo.

Jamfa ba ta buƙatar dogon bayani. Na'ura biyu a kebul ɗaya, ko dai ɗaya masta ɗaya silef, ko dukansu a kan CS, inda kebul ne yake zaɓa musu matsayi. Kada ka gauraya. Wasu faifan Western Digital suna da saiti dabam na faifan da yake shi kaɗai, zanen yana nan a jikin takardar da ke manne a bayansu.

Na'urar CD ma tana jawo wannan. Faifan CD da ya kakkarce, in aka matsa sai an karanta shi, kurakuran da yake haifarwa suna shiga ƙirge, sai Windows ta mayar da na'urar PIO alhali lafiyarta lau. In hali ya yi, ka raba su: had dis a layin farko shi kaɗai, CD a layi na biyu.

In kebul da jamfa sun fita daga zargi, ka koma kan wuta. Wurin da wuta take ɗaukewa tana dawowa, ana sauyawa daga layi zuwa janareta, fawa fak yana shan wahala, kuma in bolt 5 ko bolt 12 ɗinsa ya fara rawa, faifai yakan tsaya ya sake tashi a tsakiyar aiki. Za ka ji shi da kunnenka, kamar an kashe an kunna. Windows kuwa abin da za ta rubuta shi ne na'ura ba ta amsa ba. Ka auna da mita lokacin da ake kwafa, ba lokacin da kwamfutar take zaune ba. Ka kuma duba kafasitocin madabod. Kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun yi fama da kafasitoci marasa inganci. Lafiyayye kansa a shafe yake, wanda ya lalace kansa ya kumbura, wani har da busasshen ruwa mai launin ƙasa a kai. Ram ma abin gwadawa ne da Memtest86, tunda cikinsa DMA yake zuba kaya, kuma CRC ba ya ganin ɓarnar da ta faru bayan kaya sun sauka.

Sai bayan duk wannan ake komawa kan manhaja. Ka tabbata BIOS bai kashe Ultra DMA ba, musamman in batirin madabod ya mutu saiti ya rikice. Ka tabbata direban cifset ɗin da ke kan madabod ne aka ɗora. A Windows 98 akwai ɗan akwatin DMA a saitin faifai da ake sa wa alama da hannu. In ka sa, ka sake kunnawa, ka tarar alamar ta goge, kwamfutar ta gwada ne abin bai yiwu ba. A XP kuwa, hanya mafi sauƙi ta share ƙirgen ita ce ka cire layin IDE ɗin daga Device Manager, ka sake kunnawa, Windows ta gano shi sabo. Wannan mataki minti kaɗan yake ɗauka, kuma shi ne abin da fomatin yake yi a ɓoye, ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba. Amma a ƙarshe ake yin sa, bayan an kawar da sanadi.

Ina roƙonku da babbar murya, kada ku tilasta. A Linux, hdparm tana ba ka ikon kunna DMA da zaɓar matakin sauri da hannunka, har akwai hanyar da za ka sa kwamfuta ta ɗauka kebul mai waya 80 ne alhali mai 40 ne. Kayan aiki ne masu kyau a hannun wanda ya san dalilinsa. Wanda bai sani ba, ya rufe bakin mai gargaɗi ne kawai. Lalacewar da ta fi muni a wannan fanni ita ce wadda ba ta da ƙara: fayil ya kwafu, girmansa daidai, sunansa daidai, amma wasu bait a ciki sun canza, ba za a sani ba sai ranar da aka buɗe shi. A 2001 an yi ta fama da irin wannan a wasu madabod masu cif ɗin VIA 686B, inda manyan fayiloli suke lalacewa in ana kwafa daga faifan layi ɗaya zuwa na ɗaya layin, musamman in akwai katin sauti na Sound Blaster Live a ciki. Sabunta BIOS da direbobin VIA ne suka magance shi. In irin wannan madabod ta zo hannunka, ka san da wannan tarihi.

Akwai ma inda PIO shi ne daidai. Da yake sabon faifan IDE ya yi wuyar samu, mutane suna sa katin CompactFlash da adafta a madadinsa. Wasu adaftocin masu araha ba a haɗa musu wayoyi biyun da DMA yake buƙata ba. Katin zai ce ya iya DMA, kwamfuta ta yarda, ta ba da umarni ta zauna jiran amsar da babu hanyar da za ta biyo. A nan ko ka sauya adafta, ko ka kashe DMA da gangan, kuma ga injin da ƙananan fayiloli kawai yake karantawa, ba wanda zai ji bambanci.

Wanda kuma Allah ya haɗa shi da abin da ya girmi waɗannan, na zamanin ramin ISA, dokar can dabam ce. IBM PC na 1981 yana da cif ɗin Intel 8237 mai layin DMA huɗu, PC/AT na 1984 ya ƙara na biyu. Kowane kati da jamfa ake zaɓar masa layi, kuma babu mai raba faɗa in biyu suka haɗu a layi ɗaya. Layi na 2 na fulofi ne. Katin faifai na Adaptec AHA-1542 daga masana'anta yake zuwa a layi na 5 da adireshin 330, katin sauti na Sound Blaster 16 shi ma layi na 5 da adireshin 330 yake ɗauka. In ka ga kwamfuta tana aiki lafiya sai an kunna sauti ta daskare, ka ɗauko takarda ka rubuta layin kowane kati da adireshinsa, za ka ga masu karo da idonka.

Takardar nan ma kada ta tsaya ga tsofaffin katuna. A kowane gyara, abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya sauya kebul da ram da fawa fak a tashi ɗaya, kwamfuta ta gyaru, bai san me ya gyara ba, ya kuma sa mai ita ya biya kuɗin abu uku.

In ka ga "Ultra DMA Mode 5" ya dawo, aiki bai ƙare ba tukuna. Ka kwafi babban fayil, wanda ya kai gigabait ɗaya ko fiye, ka gwada shi da na asali da umarnin fc /b a Windows ko md5sum a Linux. Ka maimaita bayan kwamfutar ta yi zafi, da murfinta a rufe, yadda za ta zauna a wurin aikinta. Lamba 199 ba ta komawa sifili ko an sa sabon kebul, abin da ake so shi ne ta daina hawa. Ka rubuta adadinta da kwanan wata a 'yar takarda ka manna a cikin murfi, ka ce wa mai ita: "Alhaji, bayan mako biyu zan leƙo in duba wata lamba." In ka je ka tarar tana inda ka bar ta, gyara ya kama. In kuwa 5 ko 197 ce ta motsa, ka faɗa masa a ranar cewa faifan ya kusa, ku nemi wani ku kwafe komai tun yana iya karantuwa.